Kifin Mista Cragg

A sana'armu ta kwashe kayan masu ƙaura, akwai ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani: ba a kiran mota sai lauyoyi sun yi musayar takardu. Kafin wannan ranar, ko an gama ciniki, ko an sha hannu, ko dillali ya kafa allonsa a ƙofar gida, mai saye yana iya fasawa, mai sayarwa ma yana iya fasawa, ba kuma wanda zai ce musu don me. Shi ya sa da Enid Ormerod ta bugo mini waya a farkon watan Maris ta ce in kawo mata kwalaye, abin da na fara tambayarta ke nan.

"An yi musayar, Enid?"

"Saura ƙiris."

"In ji wa?"

"In ji dillali. Len, kwali na tambaye ka, ban tambaye ka wa'azi ba."

Na kai mata.

Na san su tun ina saurayi. Ranar da ita da mijinta Wilf suka tare a saman benen nan mai kallon teku a garin Morecambe, ni na hau musu da kaya, lokacin ina yaron mota. Gidan tsoho ne, dogo, siriri. Wani magini, Mista Cragg, shi ya raba shi hawa uku ya sayar wa mutum uku, su suka ɗauki na can ƙoli saboda tagarsa. Matakalar tana da wata muguwar kwana dab da sama, inda bango yake matse mutum. A nan kujerar Wilf ta maƙale mana a ranar, wata ƙatuwar kujera mai koren yadi, sai da muka kwance ƙafafunta. Tun daga nan Wilf yake kirana yaro, har yau da na haura sittin.

Bayan Kirsimeti ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya farfaɗo, bakinsa ya dawo duk da ya ɗan karkace, amma ƙafa ta ƙi. Asibiti suka ce ba za su sallame shi zuwa gidan da sai an hau bene ba. Ko dai a samo masa gidan ƙasa, ko kuwa gidan kula da tsofaffi. Wilf ya ce in can za a kai shi, to a haɗa da akwatin gawa a mota ɗaya, a huta da zirga-zirga.

Enid ba ta tsaya kuka ba. Ta zagaya gari a bas har ta samo wasu ɗakuna na ƙasa a bayan tashar jirgin ƙasa, ƙofa mai faɗi, ba ko tudu ɗaya daga titi. Na wata tsohuwa ne da ta rasu, ɗanta Mista Dewhurst yake sayarwa. Nasu na sama kuma wasu matasa, mata da miji masu jiran haihuwa, suka taya aka sallama. Da kuɗin matasan za ta biya Dewhurst. Irin wannan muke ce wa sarƙa: kowa yana riƙe da na gabansa, in ɗaya ya saki, duka an zube.

Ni da abokin aikina Shabir muka je ɗaurin kayan. Mun daɗe tare. Shi gwiwa ta gama da shi, ni kuma baya, shi ya sa yake cewa in an haɗa mu biyu za a samu ƙato ɗaya mai lafiya. A ƙofar gidan ya tsaya yana kallon allon dillali. An rubuta AN SAYAR da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana, waɗanda sai ka matso za ka gani: in an sa hannu.

"Ka ga ƙananan nan?" in ji shi. "Su ne masu cizo."

Da muka hau yana haki, ya ce, "Anti, shekara arba'in kuna hawan wannan? Ai ku da aljanna sai dai ku miƙa hannu."

"Kai dai ka ce ƙiba ta yi maka yawa. Zauna, ga shayi."

Ta riga ta naɗe kofuna da tsofaffin jaridu. Mun ɗaure komai in ban da gado, da butar shayi, da kofi biyu, da kujerar nan mai koren yadi. Na ce mata da ta bar labule da tukwane tukuna. Ta ce a'a, ranar da aka ce a tashi ba ta son ko cokali ya tsayar da ita, Wilf ya gaji da abincin asibiti. Na ƙyale ta. Wadda mijinta yake kwance ba a koya mata haƙuri.

Ranar Lahadi na kai ta dubiya, tunda ba ta tuƙi. Mun samu Wilf a keken guragu kusa da taga, tagar kuwa wurin ajiye motoci take kallo.

"Yaro, ka fasa mini wani abu?"

"Ban fasa ba tukuna."

"Tsohuwa ta ce sabon gidan takardar izinin zamansa ta shekara ɗari tara ce da wani abu. Na ce to, ina jin za ta ishe mu."

"Rufe bakinka ka sha ruwa," in ji Enid, tana goge masa haɓa.

Yana son labari, ni kuma ina da kunne, shi ya sa muke shiri. Ranar ya sake ba ni labarin kifin Mista Cragg, wanda na ji ya fi a ƙirga. Lokacin da suka sayi ɗakunan, ƙasar da ginin yake kai ta zauna a hannun Cragg, kamar yadda aka saba. Kowace shekara, ana saura mako Kirsimeti, sai ya hawo da hularsa a hannu ya karɓi kuɗin ƙasa, ɗan abin da bai wuce cin abincin mutum biyu ba. Ya sha shayi, ya ci biskit, ya yi ƙorafin matakalar da shi da kansa ya gina, ya tafi. Wata shekara bai zo ba. Enid ta ajiye kuɗin a gwangwanin shayi. Shekara ta zagayo, shiru.

"Na ce mata, tsohuwa, tunda bai zo ba, mu ci a madadinsa. Muka sauka shagon bakin teku, kifi da soyayyen dankali, har da wake. Daga nan ya zama al'ada. Duk shekara, kifin Mista Cragg. Sai mu ɗaga kofin shayi mu ce, Allah ya ƙara masa nisan kwana, ya ƙara masa nisan hanya."

Ya yi dariya da rabin bakinsa, har nas ta leƙo.

Bayan sati biyu lauyar Enid ta ce tana son ganinta ido da ido. Enid ta ce in shiga tare da ita, kunne huɗu sun fi biyu. Ofishin yana saman wani shagon takalma. Lauyar, Mis Holroyd, mace ce mai sanyin murya, ta kuma ba mu shayi kafin ta fara magana, abin da na san ba alamar alheri ba ce.

"Misis Ormerod, kin san takardarku ta shekara casa'in da tara ce."

"Na sani. Dillali ya ce ba matsala, a ƙara shekarun a lokacin sayarwa."

"Haka ake yi. Yanzu saura hamsin da 'yan kai, bankin masu sayen kuma ba zai ba da bashi a kan haka ba sai an ƙara. To, mai ƙasar ne kaɗai yake ƙarawa. Na rubuta wa Mista Cragg a adireshin da ke rajista, wasiƙar ta dawo. Na sake, ta dawo. Yaushe rabonku da shi?"

Enid ta dube ni. Na dubi kofina.

"An daɗe," in ji ta.

"Kamar shekara nawa?"

"Tun kafin Wilf ya bar aikin tashar jiragen ruwa. Amma tsaya, 'yata. Gidan nan namu ne. Mun biya banki har ƙarshe, Wilf ya yi aikin dare don shi. Ni na fenta shi da hannuna. Me ya kawo Cragg a ciki?"

Mis Holroyd ta cire tabarau ta ajiye.

"Abin da kuka saya ba ginin ba ne, Misis Ormerod. Shekaru kuka saya. Izinin zama a ciki na shekara casa'in da tara. Kowace shekara ɗaya tana fita."

"Ranar da muka saya an faɗa mana haka. Wilf ya ce, wa zai kai casa'in da tara? Muka yi dariya. Lauyan ma ya yi dariya."

"Ku ba za ku rasa wurin zama ba. Mai saye ne ba zai samu bashi ba."

"To, in ba a ga Cragg ba fa?"

"Akwai hanya. A je kotu, a nuna an neme shi da gaske ba a samu ba, an buga a jarida, an bi dangi. Sai alƙali ya sa hannu a madadinsa."

"Sati nawa?"

Lauyar ta mayar da tabaraunta.

"Ba a maganar sati. Shekara, in an yi sa'a. Wani lokaci ta wuce."

"Mijina yana asibiti."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma yi mana ƙarya ba. Ta ce za a iya neman mai saye da kuɗi a hannu, wanda ba ya buƙatar banki, amma irinsu sun san halin da mutum yake ciki, abin da za su bayar ba zai sayi gidan Dewhurst ba. Ta ce in aka samu Cragg da ransa, ko magajinsa, abin zai yi sauri.

Muka shiga mota, muka bi ta bakin teku. Ruwa ya janye, yashi ya miƙe har inda ido ya tsaya. Sai Enid ta ce, kamar ba da ni take ba, "Mu muka yi ta roƙon kada ya dawo."

Muka shiga neman Cragg. Duk ranar da ba mu da aiki sai in ɗauke ta. Filin da yake ajiye katako da siminti ya zama wurin wankin mota, yaran da ke wurin ba su taɓa jin sunansa ba. A kulob ɗin tsofaffin ma'aikata wani ya ce ai ya koma Sifen tun tuni, ya sayi gida kusa da ruwa. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, ya mutu a Blackpool, shi ya je jana'izar. Da aka matsa masa sai ya ce ko dai wani Cragg ɗin ne, mai gyaran famfo. Wata tsohuwa a coci ta tuna yana da 'ya, ta auri wani soja, amma sunan mijin ya ɓace mata. Ta ce mu dawo, wataƙila ya faɗo mata. Mun koma. Ba ta ma gane mu ba.

Maƙwabtan bene ba su da amfani. Hawa na tsakiya haya ake bayarwa, mai shi yana wata ƙasa, ba ya amsa waya. Na ƙasa kuma wani kamfani ya saya yana saukar da masu yawon hutu, kowane mako sababbin fuskoki. Shabir ya sa ƙaninsa ya duba a intanet, ya samo Cragg-Cragg da yawa, ba namu a ciki.

Duk wannan lokacin Enid tana zaune a tsakiyar kwalaye. Ta ƙi buɗe ko ɗaya. In tana son tukunya sai ta ari ta wata ƙawarta. Tagar ba labule, rana tana shigowa tun asuba. Na ce mata in zo in mayar mata da labulen ko na ɗakin kwana ne. Ta ce in ta buɗe kwali ɗaya, ta yarda ke nan.

Wilf ba ta gaya masa ba. Kowace Lahadi sai ya tambaya, ita kuma ta ce lauyoyi ne, ka san su da jan ƙafa. Shi kuwa yana ta fama da mai koya masa tsayuwa, yana cewa so yake ya shiga sabon gidan da ƙafarsa, ko taku biyu ne. Wata rana ta fita nemo masa ruwa, ya kamo hannun rigata da hannunsa mai lafiya.

"Yaro, jikina ne ya shanye, ba kaina ba. Mene ne?"

Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya tona asirin mutum ba. Na ce, "Ka tambaye ta."

"Cragg ne, ko?"

Bai jira amsata ba, ya saki rigar, ya juya yana kallon motoci.

A watan Yuni Mista Dewhurst ya zo da kansa. Ina nan, na kawo mata madara da burodi. Mutumin kirki ne, ya hawo benen nan don kada ta ji a waya. Ya tsaya a tsakanin kwalaye yana juya makullin motarsa.

"Misis Ormerod, na jira iya jira. Gidan yana tsaye ba kowa, haraji yana tafiya, ƙannena suna kirana kullum. An samu wani mai kuɗi a hannu, ya ce cikin wata ɗaya ya gama."

"Mun sha hannu da kai, Mista Dewhurst. A ɗakin mahaifiyarka."

"Mun sha. Da ni kaɗai ne, da na jira."

"Na auna ƙofar banɗakin. Keken yana shiga."

"Na sani."

"To, ka zauna ka sha shayi, tunda ka hawo."

Ya sha. Kofi biyu ne a gidan, ta ba shi ɗaya ta ba ni ɗaya, ita ta tsaya a bakin taga. Ba ta zage shi ba, ba ta roƙe shi ba. Ba abin da ya yi wanda doka ta hana, ita ma ta sani. Bayan kwana kaɗan matasan nan su ma suka aiko ta bakin dillali cewa haihuwa ta matso, sun samu wani wuri. Dillali ya turo mutum ya cire allon. Ramin sandar yana nan a ƙofar gidan har yanzu.

Asibiti kuma suka kira taro. Suna buƙatar gadon, sun yi haƙuri fiye da yadda suka saba. Wata mata mai kula da sallama ta ce an samu gurbi a wani gidan tsofaffi, sai dai ba a garinmu ba, can ciki, bas biyu daga Morecambe, na biyun kuma ba ya tafiya ranar Lahadi. Ta ce wuri ne mai tsabta, akwai lambu.

"Na ɗan lokaci ne," in ji Enid. "Kafin kotu ta gama."

"Tsohuwa," in ji Wilf, "shekarata tamanin da ɗaya. Ɗan lokaci shi ne duk abin da nake da shi."

Ya juya wajen matar.

"'Yata, in na ce gidana zan koma, za ki ɗaure ni?"

"Ba mai ɗaure ka, Mista Ormerod. Hankalinka ɗaya, zaɓinka ne. Amma ba mu ba da shawarar haka ba. Masu motar asibiti sun duba matakalar, sun ce ba za su iya wuce waccan kwanar ta sama da kai ba. Ko da an kai ka sama, masu kula za su riƙa zuwa safe da yamma, amma ba mai sauko da kai. Ba zuwa shago, ba zuwa bakin ruwa. In wuta ta tashi kuma..."

"In wuta ta tashi na huta da sanyi."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dube ni.

"Yaro, ka taɓa hawa da piyano?"

"Na taɓa."

"Na fi piyano nauyi?"

"Ka fi shi surutu."

Enid ta fita daga ɗakin. Na same ta a baranda ta dafa bango. Ta ce, "Len, in ya hau, ba zai sauko ba sai an sauko da shi." Na ce na sani. Ta ce, "To ka ce a'a mana. Ka ce bayanka ba zai iya ba." Na ce in ta ce in faɗi haka, zan faɗa. Sai ta ce, "Bas biyu. Ranar Lahadi ma babu." Ta koma ciki.

Ranar Alhamis aka sallame shi. Da safe ni da Shabir muka sauko da kujerar nan mai koren yadi, muka kwance ƙafafunta kamar wancan karon, muka ɗaura mata igiyoyin da muke ɗaukar firji da su. Motar asibiti ta ajiye shi a ƙofar gida da hantsi. Direban ya dubi kujerar, ya dubi mu biyu, ya ce shi bai ga komai ba.

Muka zaunar da Wilf, muka ɗaure shi a ƙirji da cinya. Shabir ya durƙusa zai ɗauka, sai Wilf ya ce, "Dakata."

Muka dakata. Yana zaune a kan titi cikin kujerarsa, iska tana kaɗa ɗan gashin da ya rage masa. Wata mata ta wuce da kare, karen ya tsaya ya shinshina takalminsa, Wilf ya miƙa hannu ya shafa kan karen. Ya dubi shagon jarida na kan kwana. Ya dubi ramin da allon dillali ya bari. Ƙamshin mai daga shagon kifi yana zuwa, sun fara suyar rana. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

"To," in ji shi. "Mu je."

Ni ina sama ina ja da baya, Shabir yana ƙasa yana turowa, Enid tana biye da sandarsa da jakar magani. Hawan farko bai ba mu wuya ba. A na biyu gwiwar Shabir ta fara magana.

"Kawu Wilf, ba sun ce abincin asibiti ba ya ciyuwa ba? Ina ka samo wannan nauyin?"

"Zunubi ne. Tura."

"Anti, ki shaida, in na mutu a nan, shi ya kashe ni."

"In ka mutu a nan wa zai sauko da kai?" in ji Enid. "Tura."

A kwanar nan ta sama muka maƙale. Dole sai an karkata kujerar, an ɗaga ƙasanta sama da ƙarfen riƙo, mutum kuma yana ciki. Na ji wani abu ya tsaga mini baya kamar an soka wuƙa. Kan Wilf ya jingina da ƙirjina, ina jin numfashinsa, hannunsa mai lafiya ya damƙe igiyar. Fuskarsa ta yi fari. Bangon yana goge mini kafaɗa, fentin da Enid ta shafa yana zuba a kan rigata.

"Len," in ji Shabir a hankali, ba wasa a muryarsa, "ko gaba ko baya, amma yanzu."

Muka ɗaga. Kujerar ta goge bango, ta wuce.

A ɗaki muka mayar mata da ƙafafunta, muka ajiye shi a gaban taga, inda sawun ƙafafun yake a kan darduma tun da. Ruwa ya dawo, teku ta cika har bakin ganuwa, duwatsun can ƙetare sun fito sarai. Wilf ya zuba musu ido. Shabir ya zauna a kan wani kwali yana murza gwiwa. Ni ban iya zama ba, na jingina da ƙofa.

"Ina labule?" in ji Wilf.

"Yana cikin kwali."

"Bar shi a can."

Enid ta ɗauko wuƙa a kicin ta tsaya a kan kwalin farko. Ta dube ni, kamar ni zan ce mata kada ta yi. Sai ta yanka salatif ɗin, ta fara fito da kofuna tana warware jaridar ɗaya bayan ɗaya.

"Mis Holroyd ta ce ta shigar da takardun kotu," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ta ce wataƙila baɗi war haka."

"Madalla," in ji Wilf. "Yaro, sauka ka sayo mana kifi. Huɗu. Har da wake."

"Ba Kirsimeti ba ce," in ji Enid.

"Na sani."

Na sauka a hankali, ina riƙe da ƙarfen matakala. A shagon akwai layi, na tsaya. Da na fito da ƙunshin a hannu, zafinsa yana ratsa takarda, na ɗaga kai. Can ƙoli, a tagar da ba labule, ina hango koriyar kujerar da farin kansa. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin gilashi. Ban sani ba ko ni yake yi wa, ko titin.

Na tsallaka, na fara hawa.